Kofin Ƙarfe Uku a Sweet Grass

Ƙarfe uku na dare, Sweet Grass,
garin da mutanensa ba za su cika motar safa biyu ba.
Ni ke tsaron kanta, ni ke zuba kofi.
Taga ɗaya na kallon Montana, ɗaya na kallon Alberta,
iska na ƙetarawa ba mai tambayarta fasfo.

Wendell Prokop ya shigo yana kakkaɓe ƙanƙara daga hula,
tirelarsa na huci a waje,
cike da bututun da aka saya, aka fasa binnewa,
gobe za a auna shi a kilo.
Ya ce, "Hansatu, zuba baƙi, ban da sukari,
Ottawa ta riga ta lashe zaƙin."

Na haddace karatunsa kamar Fatiha:
mu ke tatsa, su ke riƙe da ƙwarya.
Man yana ƙarƙashin gonar ubana,
alƙalamin yana gabas, tafiyar kwana huɗu,
a hannun waɗanda ba su taɓa tayar da inji
cikin sanyin da ke tsaga haƙori ba.
Ranar zaɓe, kafin in wanke hannu in fita,
rediyo ya faɗi wanda ya ci.

Ɗansa Brennan ya ajiye boko saura shekara guda,
don albashin rijiya ya ninka na malami.
Ya ci bashi ya sayi farar mota.
Ganga ta faɗi.
Motar na nan lafiya, banki ke hawa.

Daga kusurwa Lorna Haugen ta yi tsaki,
mai shanu ɗari biyu da gwiwa ɗaya mai aiki:
"Ku ai gata ya yi muku yawa, likita ba ya tambayarku kuɗi.
Mu Washington ba ta san sunanmu ba
sai tana neman soja."
Ya ce harajinku ya kashe mana kasuwar katako.
Ta ce shanunku sun karya mana farashi.
Suna ta yi, kowa ya miƙe yatsa,
na duba da kyau:
yatsun biyu gabas suke nunawa.

Elden na durƙushe yana gyara na'urar ɗumama ɗaki,
ɗan Blackfeet, ba ya ɓarnar magana.
Bai ɗago ba ya ce,
"Kakata tana da ƙanwa a can, tana da kabari a nan.
Da aka zo jan layin,
ba wanda ya tambaye ta man na waye."
Sai ƙarar firiji.
Lorna ta juya cokali cikin kofin da ba komai.

Ni kuwa na tafi Gwammaja ban motsa ba.
Ga Baba kan tabarma, rediyo a kunne,
yana rantsuwa da kuɗin gyaɗa aka haƙa rijiyar farko.
Ga Ebiere, abokiyar ɗakina a jami'a,
ta ce, "Zo garinmu ki sha ruwan rafi kofi ɗaya,
sannan ki faɗa mini arzikin na wa ne."
Ban je ba.
Na haye teku ina zaton na baro rigimar a gida,
ashe ta riga ni sauka,
ta sayi hular sanyi, ta koyi tuƙin tirela.

Wendell ya zube sulallan ƙasarsu a kan kanta.
Akwatin kuɗinmu ba ya karɓarsu,
na jefa su cikin kwalbar da ke ƙarƙashi,
ta kusa cika, ban san wa zan kai wa ba.

Asuba ta yi, na fita zubar da shara.
Can cikin fili famfon mai yana ta gyaɗa kai,
kamar tsohon da aka kawo wa ƙara
ya ce wa kowa, "Kana da gaskiya,"
alhali bai daina zuƙa ba.